Kwarashi Ɗaya

Shekara ashirin da shida na yi tsaye a masaƙa a Kakuri,
inji huɗu a gabana suna ruri.
Kunnena na hagu har yau bai dawo ba.
Yadi dubu nawa ya bi ta ƙarƙashin hannun nan?
Ban ƙirga ba, ba nawa ba ne.
Ran da aka garƙame ƙofa ciyawa ta gaji filin,
sai na tarar ko ƙyallen share gumi
ban iya saƙawa ni kaɗai ba.

Yau ga ni kan tabarma, jikata Mufida ce malama,
shekararta goma sha ɗaya, haƙurinta bai cika cokali ba.
"Kaka, ba gatari ba ne.
Sassauta. Riƙe shi kamar alƙalami."
Ulu dunƙule uku ta sayo a Kasuwar Barci,
biyu ruwan toka, ɗaya ruwan ƙasa,
kuɗin bai kai a yi zaɓe ba.

Sarƙa ashirin da biyar, da ita ake farawa.
Soka, naɗo, jawo, fitar.
Gajere ɗaya, dogo ɗaya,
in ka kai gaɓa ka juyo,
ka ɗora dogo kan gajere, gajere kan dogo.
Daga nan ƙurajen ke tasowa,
tudu da kwari, tudu da kwari,
kamar bayan kada a bakin kogi.

A layi na tara abin ya tsuke,
ya nufi zama wutsiyar ɓera.
A masaƙa in zare ya tsinke jan fitila ke kamawa,
nan babu fitila, sai tsakin yarinya.
Ta kama bakin zaren ta ja.
Aikin hantsi zuwa azahar
ya zube a cinyata yana lanƙwasa kamar taliya.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
na tuna ni ne ɗalibin.

Dare bakwai ana marka-marka.
Kwano yana ɗiga a kwanon sha,
wuta ta tafi, tocila a haƙorina,
yatsun da suka saba da ƙarfe
suna koyon lallashi.
Na gane zare ba ya son fushi:
ka matsa masa ya ƙi shiga,
ka sake shi da yawa ya yi maka rami.

Ba don kaina nake yi ba.
Dogara nake tunawa,
wanda injinsa ke maƙwabtaka da nawa,
muka shekara muna hira da hannu da gira
saboda ƙara ba ta barin magana.
Yanzu gadi yake a Barnawa,
kan benci, bayan wani shagon taya,
sanyin kogi na shiga masa ta wuyan riga,
tarinsa na riga shi gaisuwa.

Da ulun toka ya ƙare na ƙulla na ƙasa.
Ƙullin yana nan, ban iya ɓoye shi ba.
Kamu takwas. Mufida ta auna da hannunta,
ta ce, "Ba laifi," ba ta ƙara ba.

Na hau Keke Napep na haye masa bayan magariba.
Ya karɓa bai ce komai ba,
ya kai shi ƙarƙashin ƙwan lantarki,
babban yatsa na bin layi ɗaya bayan ɗaya
yadda muke duba yadi a da.
Ya tsaya.
"Nan ka tsallake ido guda.
Da can ne, da an yanke maka kwana."

Sai ya naɗa a wuya, sau biyu,
ya cusa bakin cikin riga,
ya matsa mini wuri a benci
ta gefen kunnen da ke ji.